Wanda Zai Sa wa Harimohan Wuta

Harimohan ya rasu da safe, a zaune, ƙafa a naɗe, a kan tabarmar da yake koyar da yoga tun kafin ya yi aure. Matarsa Sulochana ta ajiye masa shayi ta koma madafi. Da ta dawo shayin ya huce, shi ma haka.

Kafin rana ta take maƙwabta sun ɗaure makarar gora, an tanadi itacen ƙona gawa a bakin kogin Ganga. Abu ɗaya ya rage. Ɗa ne ke sa wa ubansa wuta, kuma ba a bari rana ta faɗi. Ɗansu guda ne, Nilu, yana nan garin Haridwar a ƙetaren gada, amma rabonsa da gida tun ranar da ya yafa rawayen mayafin masu gudun duniya.

"Ma, kada ki je," 'yarsu Maitri ta ce wa uwarta. "Wanda bai zo aurena ba?"

"Aurenki daban."

"Ai yanzu ba Nilu ba ne, Swamiji ne, babban malamin addini. Hotonsa na bakin gada ya fi gidanmu tsawo."

Sulochana ta gyara farin sarinta, zanen takaba, ta fita.

Filin ashram ɗin, gidan ibadar da Nilu ke jagoranta, cike yake da samari, layi-layi, kowa kan tabarmarsa, tutoci na kaɗawa. Su miƙe, su sunkuya, su kwanta, su ɗago tamkar sojoji, sannan su kwarara ihu baki ɗaya: "Nasara ga Uwa Indiya!" Daga lasifika wata murya ke jan su. "A hankali. Iska ba guduwa za ta yi ba."

Sai da ta dafa ginshiƙin ƙofa. Kalaman Harimohan ne. Haka yake faɗa wa Nilu a saman bene, lokacin yana ƙaramin yaro mai asma, ƙirjinsa na kuka kamar tsohuwar ƙofa.

"Mataji, layin mata na hagu," in ji mai gadi, da irin kiran da ake yi wa dattijuwa.

"Ni ce uwarsa."

"Duk tsohuwar da ta zo haka take cewa. Swamiji ɗan kowa ne." Ya fara dariya, sai idonsa ya kai ga tsagar gashinta, inda aka goge jar hodar matan aure, da hannayenta babu awarwaro, alamun takaba. Ya matsa gefe.

Nilu ya hango ta daga kan dandamali. Ya miƙa wa wani lasifikar, ya sauko. Ya yi ƙiba, gemu har ƙirji. Mai gudun duniya ba ya rusuna wa kowa, ko sarki, ko ubansa, sai uwarsa kaɗai. A gaban dubban samarin nan ya kwanta rub da ciki, ya ɗora goshi a ƙafafunta. Filin ya ɗauki tafi. Wayoyi suka tashi sama.

Da ta ji ɗumin goshinsa a ƙafarta, ta ɗauka an gama. Zai zo.

"Babanka," ta ce.

"Na ji, Ma. An gaya min."

"To tashi mu je. Rana na tafiya."

Ya tashi, ya kakkaɓe mayafinsa, ya rage murya. "Kin san ba zan iya ba. Ranar da na sa wannan na yi wa kaina jana'iza. Da hannuna na jefa dunƙulen shinkafar da ake yi wa mamaci a kogi da sunana. Wanda ya mutu ba ya ƙona mamaci."

"Ka mutu? Da waɗannan kumatun?"

"Ma."

"Na san dokar. Ba doka na zo tambaya ba. Rufe kanka ka biyo ni ta baya, ka sa wutar ka dawo. Wa zai sani?"

Ya waiwaya ya dubi filin. "Yaran nan da yawa sun baro gidajensu ne saboda ni. Na ce musu uwa ɗaya gare mu, ƙasar nan, kuma ba za ta miƙe ba sai da 'ya'yan da ba sa waiwaye. In na tafi yau, gobe me zan ce musu?"

"Ƙasar ce ta goya ka zuwa asibiti lokacin da numfashi ke gagarar ka?"

"Baba da kansa ya koya min jiki ɗakin haya ne. Ya tashi daga ɗakin, shi ke nan. Ba abin da ya same shi."

"Ya koya maka ne don ka daina jin tsoro in ƙirjinka ya toshe."

Ta jira.

"Zan aiko da itacen sandal mai ƙamshi," ya ce. "Mota guda. Kuma zan sa filin nan duka a yi masa shiru."

"Itace muna da shi, Nilu. Hannu muke nema."

Wani ya zo ya raɗa masa magana, ana jiran sa. Ya haɗa tafukan hannunsa a ƙirji kamar yadda yake yi wa kowace baƙuwa, ya hau dandamali.

Mata ba sa zuwa wurin ƙona gawa. Sulochana ta je, Maitri na biye da ita, ba wanda ya iya tare su. An riga an shimfiɗa Harimohan a kan itacen, furanni a ƙirjinsa. Limamin wurin, baƙo ne gare su, yana riƙe da damin ciyawa mai ci da wuta, yana duban rana yana duban hanya.

"Ina ɗan?" ya ce.

"Ba wa 'yarsa," in ji Sulochana.

"Mace? Mataji, ba a yin haka sai in babu namiji. An ce min yana da ɗa."

Daga ƙetaren kogi lasifikar na isowa sama-sama. A hankali. Iska ba guduwa za ta yi ba.

"Ya yi ɗa," ta ce. "Ɗan ya riga shi rasuwa."

Maitri ta dube ta. Sulochana ba ta dubi kowa ba. Liman ya yi 'yar gunaguni, ya miƙa wa Maitri wutar. Ta zagaya gawar, ta sa.

Da za a dunƙula shinkafar mamaci, Sulochana ta ce a yi biyu.