Rubu'in Baba

A ɗakin gwaje-gwajen, 'Yar Makaniki kowa ke ce mata, domin duk kwalbar da ta rufe sai an nemo ta kafin ta buɗu. Aikinta ta ɗaure ɗan fallen ƙarfe, siriri kamar ɓawon albasa, tsakanin matsi biyu, ta tsoma a ruwa, ta ba shi wuta. Ƙarfen ne ke zuga ruwan ya saki iskar haidurojin. Nata fallen kumfa yake kamar tukunya ta tafasa.

Farfesa ya sa Tabarau, abokin karatunta, ya maimaita gwajin sau tara. Ko rabin nata bai samu ba.

"Ranar Alhamis," in ji Farfesa, "in bai fito a hannun wani ba, ƙirƙirar sakamakon kika yi. Sai ki kwashe kayanki."

Ta shiga banɗaki ta yi kukan minti shida, ta wanke fuska, ta dawo. Wata uku ke nan tana son Tabarau, tun ranar da ya ara mata filas ɗin shayinsa, ga shi yanzu hannunsa mai laushi zai kore ta, kuma cikin ladabi.

Suka canja ruwa, suka canja waya. Shiru kake ji. Ranar Laraba ta naɗe hannu ta zuba masa ido kawai. Ya juya notin matsin da yatsa biyu, da ya ji ya cije sai ya saki.

"Ka gama ke nan?"

"Littafi ya ce a ɗaure. Na ɗaure."

"Wannan ai gaisawa kuka yi. Babana cewa yake in noti ya ce ya isa, ƙarya yake, ƙara masa rubu'in juyi."

Ta ɗora hannunta kan nasa ta murɗa. Fallen ya miƙe sambal. Kumfa ta taso.

Tabarau ya gyara tabarau. "Jan ƙarfen kike yi ashe. Ƙwayoyin zarrar ƙarfen sun ɗan ware, riƙon da suke wa haidurojin ya canja, ba sa ƙanƙame shi. Shekara guda kina miƙe ƙarfe ba ki rubuta ba?"

"Wa ke rubuta ya ɗaure noti?"

Ranar Alhamis Tabarau ya murɗa da hannunsa, ruwa ya tafasa da kumfa. Farfesa ya daɗe yana kallo.

"Nawa ne ƙarfin ɗaurin?"

"Rubu'in Baba, ranka ya daɗe."

"Ki auna shi da na'ura. Ba za mu sa babanki a takarda ba." Ya ajiye mata makullin ɗakin awo, ya fita.

Ta juyo da idanu cike da hawaye. Tabarau ya buɗe baki, ta riƙe numfashi.

"Af," ya ce, "filas ɗina fa?"

Ta ɗauko, ta rufe shi da kyau, ta ƙara masa rubu'i, ta miƙa. Har yau kullum da safe wurinta yake kawowa a buɗe masa.