Tozon Malam Sada

Duk Janfalan an san Malam Sada da abu ɗaya: bai taɓa sayar da kwandon tumatir babu tozo ba. A wurinsa kwando shafe rowa ce, kuma ya riƙe wannan magana kamar karatun allo.

Da gwamnati ta haɗa kai da wani kamfanin markaɗe don rage tumatirin da ke ruɓewa a hanya, sai aka kawo wa ƙungiyar manoma akwatunan roba a madadin kwanduna. Sharaɗin ɗaya ne: in lodin farko ya isa lafiya, kamfani zai riƙa ɗaukar tumatirin Janfalan har ƙarshen rani. In ya lalace, motar kamfanin ta koma ɗaukar na garin Gubuchi. Sada ne shugaban ƙungiya, shi aka bar wa lodin.

Hafiza, malamar gona, ta nuna masa wani layi a jikin akwatin.

"Baba, kada ya wuce nan. Ɗora su ake yi kan juna."

"To 'yata, na ji."

Ya ji ɗin, amma kunne ne kawai ya ji. Da ya ga akwatuna jere, kowanne da saura, sai kunya ta kama shi. Baƙi su ce mutanen Janfalan sun tauye mudu? Ya sa aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana yi musu tozo, har da zaɓo manya a ɗora sama. Direba ya so ya yi magana, ya dubi furfurar Sada ya haɗiye.

Kafin mota ta isa ƙofar kamfani, jan ruwa na zuba ta ƙarƙashinta. Kowane akwati ya zauna a kan na ƙasa ya matse shi. Kamfani ya ƙi karɓa, motar ta koma Gubuchi.

Wallahi da zaginsa aka yi, da ya fi masa sauƙi. Babu wanda ya ce masa uffan. Bayan kwana uku ya tarar da maƙwabcinsa Maiwada a bakin hanya da iyalinsa duka, suna yanka tumatir suna shanyawa a ƙasa, wanda da yanzu yana cikin mota. Sada ya tsaya a gabansa.

"Maiwada, ni na jawo mana."

Maiwada bai ɗago ba. Ya miƙa masa wuƙa ya ce, "Zauna, Malam. Da yawa."