Matar Malam Pei Ba Ta Shiga Ruwa

Mijina, Malam Pei, ya manta yadda ake ɗaura takalmi, ya manta sunan jikanmu, ya manta cewa ya daɗe da barin koyarwa. Ni kaɗai ce bai manta ba, ni ɗin ma sai da dabara. Dabarar ita ce kada in ɓace masa. Da ya buɗe ido da safe fuskata zai fara gani, in ce masa ni ce Shulan, ya harare ni ya ce ai ya sani, ko na ɗauka ya haukace ne. Daga nan har ya kwanta ina inda idonsa zai kai. Ko wanka na shiga sai in bar ƙofa a ɗan buɗe ina ta zuba masa surutu. Lokacin da aka kwantar da ni asibiti bara, da na dawo sai da ya yi kwanaki yana gaishe ni kamar baƙuwa. Likita ya ce irin wannan zare idan ya tsinke ana ƙullawa, amma akwai ranar da zai tsinke ya ƙi ƙulluwa. Wannan ranar nake gudu, ita ce aikina safe da yamma.

'Yarmu ce ta kama mana ɗaki a bakin tafkin Fuxian, wai mu je mu huta. Hutu kuwa! Mai jinya ba ya hutu, wurin jinyar ne kawai yake sauyawa. Ita tana can birni wurin aikinta, tana bugo waya tana tambaya ko muna jin daɗi. In ce mata sosai ma.

Washegarin zuwanmu, gari bai gama wayewa ba, na same shi a taga. Can ƙasa wasu mutane ne suke iyo a jere, kowa na jan balan-balan mai ruwan lemo a bayansa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna na gaba ya ce wancan yana dukan ruwa kamar ruwan ya zagi uwarsa. Na kusa sakin kofin da ke hannuna. Rabon da ya haɗa magana mai tsawo haka har na manta. Mutum ne da ya yi rayuwarsa a ruwa, tun yana saurayi yake ƙetare kogin garinsu, kuma har ciwon nan ya kama shi kullum da asuba yana madatsar ruwa ta bayan makaranta. Ni dai nawa in riƙe masa kaya a gaɓa ina mita. Iyon da na iya na tsufa ne, a kwamin wanka na unguwa na koya saboda ciwon gwiwa, inda ƙafa ke taɓa ƙasa.

Kwaɗayi ya kama ni, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala. Na ce a raina idan kallo kawai ya dawo masa da wannan, shiga fa? Da safiyar da ta biyo na kama hannunsa muka sauka.

Shugabar masu iyon mace ce, Yaya Duan, mai dafa kifi a tukunyar tagulla a bakin titi. Gajera ce, muryarta ta fi ta girma. Ta dubi Malam Pei sau ɗaya ta gane komai, ba ta sa na yi bayani ba, na kuwa ji daɗin haka. Ta ce suna maraba da baƙi, amma suna da ƙa'ida: baƙo irinsa ba ya shiga sai an ɗaure shi da nasa, igiya daga ƙugu zuwa ƙugu.

"Mu ba ma karɓar amanar mijin wata," in ji ta. "Naki ne, ke za ki ja abinki."

Na ce mata ni da bulo duk ɗaya muke a ruwa. Ta ce ai balan-balan ɗin don bulo aka yi shi. Wani tsoho mai suna Nie, wanda ƙirjinsa duk ƙashi ne, ya ce kada in damu, shekara da shekaru yana nutsewa a nan bai taɓa kaiwa ƙasa ba. Aka yi dariya. Mijina ma ya yi, ko da yake ban san ko ya gane ba. Kafin in ankara ya tuɓe riga ya shiga har gwiwa, yana ɗebo ruwa yana marin ƙirjinsa yadda ya saba, Tsoho Nie na ɗaura masa igiya.

A nan Yaya Duan ta miƙo mini wata hula ta fuska. Duk matan suna sanye da ita, mai rufe kai da fuska har wuya, an huda wurin ido da hanci da baki. Ta ce ranar tudun nan ba ta da mutunci, da ta leƙo bayan dutse za ta soya mini fuska in koma birni kamar dankalin da aka manta a kasko. Alheri ta yi mini, kowace baƙuwa haka suke yi mata. Ni kuma hankalina yana kan bayan mijina, ina tsoron ya faɗa ciki ba tare da ni ba. Na karɓa na zura, na ɗora gilashin ruwa a kai, aka ɗaura mini ɗaya bakin igiyar da nawa balan-balan, na bi shi da gudu. Ko tunani ban yi ba.

Ruwan sanyi ƙarara, ga shi garau har ina ganin duwatsun ƙasa can nesa da ni. Na sha na ƙoshi tun ba mu je ko'ina ba. Amma shi! Mutumin da cokali ke gagararsa ya miƙe a kan ruwa kamar an mayar da shi gida. Hannu ya shiga, hannu ya fita, ko fantsama babu. Da ya ji igiya ta ja shi sai ya rage, ya dawo gefena. Ya ce in saki wuyana, ruwa ba ya son mai gardama. Ya ce in fesar da numfashi a ƙasa, kada in ajiye shi. Muryarsa ta malami ce, ta da, mai haƙuri. Na yi kuka a cikin gilashin nan don murna, ba na ɓoyewa. Na ce yau na ci riba, gobe ma za mu zo, jibi ma.

Akwai wani tulun alama da ke yawo a tsakiya, nan suke tsayawa. Kowa ya rungumi balan-balan ɗinsa, Yaya Duan tana kiran suna ana amsawa, don a tabbata ba a bar kowa a baya ba. Da ta kira Malam Pei ya amsa da ƙarfi, har ya ɗaga hannu. Sannan ya juyo gare ni da fara'a.

"Kin yi ƙoƙari, 'yar'uwa. Yaushe kika fara?"

"Ni ce Shulan," na ce.

"Ashe. Sunan matata ke nan. Amma ita ba ta shiga ruwa, tana can tana riƙe mini kaya."

Na fizge gilashin, na kama hular da hannu ɗaya ina ja, ta manne ta ƙi fita, na saki balan-balan na nutse na taso, sannan ta fita. Na tura fuskata gabansa, gashi ya lafe, ido ya yi ja. Na ce ya dube ni da kyau. Ya duba, cikin ladabi, irin duban da ake yi wa matar mutane, sannan ya kawar da kai ya ce mu koma, ya bar ta tana jira.

Ban san yadda na kai gaɓa ba, shi ya jawo ni. Yana fita ya kwance igiyar da kansa, ya naɗe ta, ya miƙo mini da hannu biyu ya yi godiya. Ana ta zuba ruwan citta mai zafi ana tsokanar Tsoho Nie, shi kuwa yana tsaye ruwa na ɗiga daga jikinsa, yana bin fuskokin gaɓa ɗaya bayan ɗaya. Na ruga bayan rumfa na sa kayana, na taje kaina na ɗaure yadda ya sani, na ɗauko rigarsa na zo ta gabansa ina mita da gangan, wai ya daɗe, wai zai kwashi mura. Ya karɓi rigar ya tambaye ni ko ita ce ta aiko ni.

Yaya Duan ta gane abin da ya faru. Ta zo ta dafa shi ta ce, Malam, ai ga matarka nan. Ransa ya ɓaci, ya ce mata a garinsu ba a wasa da matar mutum. Ta dawo wurina ta kama hannuna tana ba ni haƙuri, muryar nan tata duk ta shige. Na so in zage ta, na so in zage ta ƙwarai, amma me ta yi? Fuskata ta tausaya wa. Na ce mata ba komai, ta je ta buɗe shagonta.

Daga wannan safiya bai ƙara kallona ya kira sunana ba. Sunan yana bakinsa kullum, amma ƙofa yake kallo idan zai faɗe shi. A lokacin ban san haka ba tukuna, ina ganin zuwa anjima zai dawo.

Mutane suka watse. Ya zauna a kan matakalar dutse yana fuskantar hanyar da ke gangarowa daga masauki, na zauna kusa da shi. Ya ce ba halinta ba ne, ba ta taɓa makara ba, faɗa ne da ita amma ba ta makara. Sannan ya rage murya.

"Idan ta zo kada ki gaya mata na gaji a hanyar dawowa. Za ta hana ni gobe."

"Ba zan gaya mata ba."

"Na gode. Ɗan matsa kaɗan, 'yar'uwa, nan wurinta ne."

Na matsa. Muka ci gaba da jiranta.