Yatsan da Ya Taɓa Jan Ƙarfe

Baba Mai Tanderu na kwashe tarkacen durowarsa, don yau yake ritaya, sai wani ɗan akwatin roba ya faɗo. Dakta, sabuwar shugabar ɗakin gwajin, ta sunkuya ta ɗauka.

"Baba, wannan fa?"

Tun kafin ta buɗe ya gane shi. Fallen jan ƙarfe ne, na farko da suka gasa, shi da abokinsa Farfesa, zamanin da tanderun guda ne, sai an yi ta lallashinsa kamar tsohon jaki. Cikin zafin nan abin da ake kira girafin ke tsirowa a kan ƙarfen, wani lulluɓin gawayi siriri da ido ba ya gani, ya tare iska kada ta ci abin da ke ƙasa. Kai, jiya ba yau ba! Su biyu kan benci ɗaya, suna jiran ƙarfen ya huce a hankali don kada lulluɓin ya yamutse, Farfesa na tsokanarsa wai ya fi uwargida sanin halin wuta.

Sai na'ura ta nuna lulluɓin ya ƙi kamawa a tsakiya. A gaban ɗalibai Farfesa ya ce, "Wani ya taɓa da hannu ba safa," ya kuwa dube shi. Baba ya rantse har da ƙwalla cewa hantsaki ya sa. Shekara goma sha huɗu ke nan, ban da gaisuwa ba abin da ke haɗa su. Bara da Farfesa ya kwanta ciwo, sau biyu yana aikowa, Baba bai taka ba.

"Ikon Allah!" in ji Dakta daga bakin taga. "Zo ka gani. Inda maiƙon hannu ya hana girafin zama, nan tsatsa ta ci. Har zanen yatsa ya fito."

Ya gyara tabarau. Babban yatsa ne raɗau, da wani tabo da ya ratsa shi a karkace. Baba ya juya hannunsa na dama a hankali. Tun yana yaro wuƙar mahaifiyarsa ta yi masa tabon nan.

Kunya ta lulluɓe shi, kewar abokinsa ta taso masa.

"Mu ajiye shi a kabad don tarihi, Baba?"

"A'a, 'yata, miƙo min." Ya sa akwatin a aljihun gaba, ya bar kwalin kayansa a kan tebur. "Gidan Farfesa, har yanzu shi ne na bayan asibiti?"