Amsar da Aka Koya Mata

Alƙalami na hannun Lydia, Likita Oluwole kuwa yana duban agogonsa. Minti uku ya yi yana zuba Turanci a kan ƙafar mahaifinta, wadda ciwon sukari ya baƙanta tun daga yatsu har ƙwauri. Sannan ya turo mata takarda.

"Do you understand?"

Ta san tambayar kamar yadda ta san Addu'ar Ubangiji. Shekara goma sha biyu a makarantarsu ta Samaru da ita ake rufe kowane darasi, aji ya amsa da murya ɗaya. Ranar da ta taɓa ɗaga hannu ta ce ba ta gane ba, bulala shida ta sha. Tun daga nan ta ɗauka ladabi tambayar take nema, ba fahimta ba.

"Yes, sir," bakinta ya furta kafin zuciyarta ta yi shawara. Ta sa hannu.

* * *

Mahaifinta Ɗanasabe na kwance a ɗakin marasa lafiya na wannan ƙaramin asibiti na Sabon Gari, yana motsa leɓe da addu'a.

"Me ya ce, 'yar Baba?"

"Ya ce za su yi aiki."

"Kin dai gane?"

"Na ji, Baba."

"Madalla. Ba a banza na hana ki talla na kai ki boko ba."

Akwai wata doguwar kalma da likitan ya maimaita sau uku yana nuna gwiwa. Ta tari ma'aikaciyar jinya, Sista Bibiana, a bakin ƙofa.

"Don Allah Sista, wace irin tiyata ce?"

"Ba ke kika sa hannu ba? You no go school?"

Da kunya Lydia ta juya ta koma gefen gadon mahaifinta.

Da aka zo tura gadon, tsohon ya miƙa mata takalmansa na roba. "Riƙe mini. Da yardar Allah, Asabar ina gona, dawa ta nuna."

* * *

Da la'asar aka fito da shi, bai farfaɗo ba tukuna. Lydia ta bi farin zanen da ido daga ƙirjinsa zuwa ƙasa. Daga gwiwar hagu, zanen ya kwanta shafal a kan katifa.

Ta zauna a gefen gadon, takalma biyu a cinyarta, tana jiran ya buɗe ido ya tambaye ta.