Inda Na Binne Cibiyar Barira

Mafarkin da na yi daren jiya, ko da na shiga cikinsa na tarar an yi nisa da faɗa, kuma ashe da ni ake yi.

"Ba zan faɗa ba!" nake cewa.

"Kaka, mota za ta tashi!" in ji jikata Barira, wadda ta gama karatun nas, take neman tafiya Turai ta bar ni da kaji.

A tashar garinmu muke, sai dai motocin a kan bishiya suke kwana, sai an watsa musu dawa suke saukowa. Wani bunsuru mai tabarau ne a kan tebur. Ya karɓi takardun Barira ya tauna ɗaya, ya ce karatun ya ji gishiri daidai.

"Saura cibiya," ya ce. "Mai ilimi ba ya fita sai da cibiyarsa a jaka. Wa ya binne ta?"

Ni na binne, ni kaɗai na san wurin. In na yi shiru, yarinya ba inda za ta.

Sai ga mu a tsakar gida, ruwan sama yana tashi daga ƙasa. Na nuna mata bakin rijiya, ƙarya nake yi. Ta haƙa, ta tono malaminsu na firamare da ransa, yana kiran sunayen 'yan aji. Duk wanda ya kira, sai amsa ta fito daga rijiya: "Legas!" "Agadas!" "Jidda!" Ya ce don Allah a mayar masa da ƙasarsa.

Lantana maƙwabciyata ta leƙo ta katanga. "Yaya Kande, ni dai raɗa min, ba mai ji."

Kun san halina. Shekara ashirin da uku magana na cikina, har ta fara tsami. Na raɗa mata. Ashe a garin nan raɗa ta lasifika take fita: "KWALLA TA UKU, ƘARƘASHIN GADO!"

Ƙarar murfin kwalla ce ta tashe ni. Gari ya waye, Barira na tsaye riƙe da fasfonta da na ɓoye tun sati biyu.

"Sau uku kika faɗa cikin barci, Kaka. Har da 'kar ki gaya wa kowa'."

"To 'yar nan, in kin tafi wa zan riƙa ba labari?"

"Ki ba Lantana!"

Ta ja akwatinta ta fita, ta bugo min ƙofa garam.