Ƙotar Bindigar Durmush

Remzi mai gyaran bindigogi ya buɗe bindigar mai baki biyu a kan teburin aikinsa, ya ɗaga ta wajen taga ya leƙa bakin sama, ya leƙa na ƙasa. Fes, ko ɗigon tsatsa babu.

"Kalle ta da kyau, malalaci," in ji Nazmiye, matar marigayi yayansa Durmush, tana juya shayinta. "Ku da kuke taƙamar sana'a, wa ya taɓa riƙe bindiga haka?"

"Ai ke daban ce, Yaya."

Tun rasuwar Durmush duk Juma'a sai ta ɗauko bindigar ta shafe ta da mai, ta mayar da ita tsaye bayan ƙofa. Yanzu ɗanta Ilyas ya gama aikin soja, jibi kuma ake buɗe farautar makwarwa a duwatsun bayan tabki. So take ya fita da bindigar ubansa. Ƙarfen na kamfani ne, amma ƙotar, wato katakon da ake dafawa a kafaɗa, Durmush ne ya sassaƙa ta da hannunsa, kuma ita kaɗai ce aikinsa da ba a sayar ba.

Remzi ya kwance doguwar ƙusar da ke riƙe da ƙotar, ya zare ta.  Inda katako ya haɗu da ƙarfe ya yi baƙi ƙirin, ya jiƙe sharkaf. Ya danna farce, farcen ya shige kamar cikin sabulu. Man da aka yi ta zubawa ne ya riƙa gangarowa yana tsuma itacen. Harbi ɗaya mai ƙarfi, ta tsage a kuncin Ilyas.

Tausayinta ya kama shi har ya rasa ta inda zai fara.

"Yaya, katakon nan ya tsufa. Sai an sake."

Ta ajiye kofin. "Ya tsufa? Ta kakanku tana rataye a gidanka, ita ba ta tsufa ba? Ni za ka yi wa wayo, ni da na goya ka da zazzaɓi?"

 Ta miƙa hannu ya ba ta ƙotar, ta shafa wurin, ta dubi yatsanta.

"Mai ne ko?"

"Mai ne."

"Shi Durmush kullum bakinta ƙasa yake kifawa, ina gani." Ta juya ƙotar a hannunta. "Da ya tafi na gwada sau ɗaya. Wallahi Remzi, sai na ga kamar ita ma ta sunkuyar da kai tana takaba. Na kasa. Na miƙe ta."

"Zan iya jiƙa ta a magani, man ya fita. Ta yi kyau a bango, amma ba na harbi ba."

"Yaron ba bango zai je ba."

Ta daɗe tana kallon ƙananan zane-zanen da Durmush ya yi wa mariƙin, inda tafinsa ya cinye su suka yi sulɓi.

"Za ka gama sabuwa kafin jibi?"

"In na ajiye sauran aiki, in sha Allah."

"To ajiye. Ka auna da kafaɗar Ilyas, ya fi ubansa tsawon hannu."

Ta kwance gyalen wuyanta ta naɗe tsohuwar ƙotar, ta rungume ta a ƙirji ta fita. Ƙarfen ta bar shi nan kan tebur, ko waiwayarsa ba ta yi ba.